Wai fulawa ka je karanta?

Ranar da na dawo gida hutun farko daga kwalejin aikin gona, Kawu ya tsare ni a zaure yana tambaya me ake koya mana, na fara lissafa masa darussan ɗaya bayan ɗaya, ilimin ƙasa, noman rani, kayan miya, itatuwan marmari, duk yana gyaɗa kai, sai da na zo kan darasin shuke-shuken ƙawa, wato fulawa dai kamar yadda kowa ke cewa, nan ya ajiye kofin shayinsa ya ce "Kai yanzu duk kuɗin da ubanka ya biya, fulawa ka je karanta? Da ma ta burodi ce ai da mun ce to." Mutanen zaure suka yi dariya, ni kuma ban ce komai ba don a lokacin ni ma haka nake ganin abin, darasi ne na dole kawai, in ba ka ci shi ba babu difloma. Yau kuwa in ka tambaye ni wane darasi ne ya fi zauna mini a rai a duk shekara biyun nan, wallahi shi zan ce, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Satin farko malaminmu ko aji bai shiga ba. Ya tara mu a bakin ƙofar makaranta da sassafe, kowa da littafi da biro, ya ce mu bi shi, duk shukar da ya nuna mu rubuta sunanta. Mangwaro mun sani, darbejiya mun sani, zogale, gwaiba, lalle, duk ba matsala, amma da aka zo kan jerin da ke gaban ofisoshi sai kowa ya rubuta abu ɗaya, fulawa, fulawa, fulawa, mai jan fure fulawa ce, mai ganye ruwan ɗorawa da ake aske wa kai fulawa ce, har wadda ba ta taɓa yin fure ba a rayuwarta ita ma fulawa. Malam ya karɓi littafin wani ya duba, ya ce makiyayin da raƙumi da akuya da jaki duk "dabba" yake ce musu ai ba zai san wa zai ba harawa wa zai ba dusa ba. Daga ranar ya ɗora mana haddar sunaye, shuka goma duk sati, da sunan Hausa in tana da shi, da sunan da masu sayarwa ke kiranta, da kuma na kimiyya mai kalma biyu, tsarin da wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya daidaita a 1753. Mun yi ƙorafi sosai kan sunayen nan na Latin, harshe yana karyewa, amma a ajinmu ma muka ga amfaninsu, domin bishiya ɗaya ni ina ce mata darbejiya, wani ya ce dogon yaro, wani ya ce maina, ɗan Sakkwato ya ce bedi, muna ta musu alhali duk Azadirachta indica muke nufi. A nan na fara jin cewa ita kanta darbejiyar baƙuwa ce, asalinta yankin Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, yanzu kuwa wa zai kalli titunan Maiduguri ya ce ba 'yar gida ba ce.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne maganar dangi, cewa su ma tsirrai zuriya-zuriya ne. Malam ya ce hibiskus ɗin nan mai babban jan fure da ake jerawa a gidajen masu kuɗi 'yar uwar yakuwa ce, da kuɓewa, da rama, da auduga. Ban yarda ba sai da na je gonar gwaji na tsinko furen kuɓewa na ɗora kusa da na hibiskus a tafin hannuna, kunne biyar biyar, ga wani dogon tsinke a tsakiya da garin rawaya a jikinsa, kamar an yi su a hannun maƙeri ɗaya, bambancin kawai launi da girma. Na girma ina tsinkar kuɓewa a bayan gidanmu amma ban taɓa tsayawa na kalli furenta ba, kuma kyakkyawa ce fa, ruwan ƙwai mai haske da duhun ja a can ciki. Haka boganbiliya, mai ƙayar nan da ke hawa katanga ta rufe ta da ja ko shunayya ko fari, ashe abin da muke cewa furenta ba fure ba ne, ganye ne da ya rikiɗe ya yi launi, in ka buɗa shi za ka ga ainihin furen a tsakiya, 'yan ƙanana farare guda uku. Daga Kudancin Amurka ta fito, sunan ma na wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Faransa, Bougainville. Tun daga nan ba na iya wuce shuka ban juya ganyenta ba.

Sai aikin hannu, firaktikal, wanda shi ne rabin makin. A wurin renon dashe na makaranta akwai wani dattijo ma'aikaci, kowa Baba yake ce masa, bai yi boko mai nisa ba amma ya fi shekara talatin yana wannan aiki, kuma malaminmu da kansa in abu ya rikice shi yake tambaya. Shi ya koya mana haɗa ƙasar leda. Ƙasar sama baro biyu, yashin rafi baro ɗaya, ruɓaɓɓen taki baro ɗaya, a tankaɗe a juya da shebur har sai launin ya zama ɗaya. Gwajinsa kuma a hannu yake, ya yayyafa ruwa ya damƙi ƙasar ya matse, in ya buɗe hannu ta tsaya a dunƙule amma da ya taɓa ta da yatsa ta wargaje, to ta yi. In ta manne kamar ta ginin tukunya laka ta yi yawa, saiwa ba za ta sha iska ba, in kuma ta ƙi dunƙulewa yashi ya yi yawa, ruwa zai zurare ya bar shuka da ƙishi. Taki kuma ya ce mu sa hannu a cikin tarin, in da ɗumi bai gama ruɓewa ba, ɗanyen kashin kaji musamman ƙona saiwa yake kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Daga baya a aji aka ba mu bayanin duk wannan da Turanci da zane a allo, amma ni dai a hannun Baba na gane shi.

Ledar ma sai ka huda mata gindi. Ƙaramar magana ce amma yawancin fulawar da ke mutuwa a gidaje nan ne matsalarta, an samo tukunya mai kyau ko bokitin fenti an cika da ƙasa ba a huda ba, ana ta zuba ruwa safe da yamma, ruwan ya kwanta a ƙasa, shukar ta yi yaushi, mai ita ya ga yaushi ya ce ƙishi take ji ya ƙara ruwa.

Ni ma haka ta faru da ni, kuma ban manta ba. An ba kowannenmu leda ashirin aka ce ya kafa reshen boganbiliya, nan da sati shida za a zo a ƙirga waɗanda suka kama, makinka ke nan. An nuna mana yadda ake yi, ka zaɓi reshen da ya fara ƙwari, kaurin fensir, tsawon kamar santimita 15 zuwa 20, mai gaɓa uku ko huɗu, ka yanke ƙasan a karkace dab da gaɓa, saman kuma a miƙe don kar ka rikice ka dasa shi kai ƙasa, domin reshe ya san samansa ya san ƙasansa, in ka juya shi ba zai yi ba. Ka zage ganyen ƙasa, ka bar ɗaya ko biyu a sama, ka tsoma gindin a hodar da ke sa saiwa ta fito in akwai, ka kafa a ƙarƙashin rumfa. Na yi duk wannan daidai. Amma saboda ina so nawa su fi na kowa, kullum bayan asuba ina can da butar ban ruwa, bayan la'asar ma ina can, wani lokaci har da azahar in na ga rana ta yi zafi. Sati biyu suka fito da toho kore shar, na ji daɗi, sati na huɗu tohon ya fara baƙi yana zubewa. Na je na sami Baba na ce "Baba don Allah zo ka duba mini, ko gara ce ta shiga." Ya tsuguna, ya zare ɗaya daga ledar a hankali, gindin ya yi baƙi ya yi laushi, ɓawon yana saɓulewa a yatsa, ya miƙo mini ya ce in shinshina. Wari kamar na kwata. Ya ce "Ɗana, ba gara ba ce, ruwa ne. Reshen da ba shi da saiwa da wane baki zai sha duk wannan? Danshi yake so, ba wanka ba." Ya kuma ce tohon da na gani na yi murna abincin da ke cikin reshen ne ya fito da shi, ba alamar ya kama ba ce, kamu a ƙasa yake inda ido ba ya gani. Cikin ashirin ɗin, huɗu ne kawai suka rayu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba don makin kawai ba, don na ga da hannuna na kashe su ina ganin gata nake musu. Na roƙi malam ya bar ni in sake ko ba maki, ya yarda, wannan karon na ƙara yashi, na rufe su da farar leda don danshin ya zauna, ba na zuba ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta fara bushewa, sha shida suka kama.

Wani abin da ya burge ni shi ne fitar da saiwa a jikin reshe tun yana kan uwarsa. Ka sami reshen kuroton, fulawar nan mai ganye launi-launi, ko na wani ɗan gidan ɓaure, ka zagaye ɓawon da wuƙa ka ɓare zobe mai faɗin kamar yatsa biyu, ka kankare santsin da ya rage, ka dunƙula jiƙaƙƙiyar dusar katako a wurin ka naɗe da leda ka ɗaure sama da ƙasa. Bayan wata ɗaya da rabi ko biyu za ka hango fararen saiwoyi ta cikin ledar, sai ka yanke ƙasa da wurin ka dasa, ka samu shuka babba a lokaci ɗaya. Dalilin kuwa, ruwa ta cikin itacen yake hawa, shi ba ka taɓa shi ba, amma abincin da ganye ke haɗawa ta ɓawo yake sauka, da ya zo inda ka yanke sai ya taru ya rasa hanya, wurin ya kumbura ya fitar da saiwa. Aure kuma, irin wanda ake yi wa mangwaro da lemo, shi ma mun yi a kan hibiskus da wardi, amma wannan sai hannu ya saba, nawa kaɗan ne suka haɗu.

To a nan ne tunanina ya fara komawa gida. Domin duk abin nan da ake koya mana da manyan sunaye, na tuna ai kakata tana yi. Lallen da ya zagaye makewayinta ba iri ta shuka ba, reshe ta karɓo a maƙwabta ta kafa da damina. Ceɗiyar ƙofar gidan mai unguwa da durumin bakin kasuwa, duk da ƙaton reshe aka kafa su. Manoman wajenmu kuma in za su shinge gona aguwa suke sarowa su jera a ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, ba ban ruwa ba komai, ta kama. Ga ɗaɗɗoya da na'a-na'a a fasasshiyar randa a tsakar gida, ga moda a gindin katanga wadda yanzu ake sa wa tukunya mai tsada a ajiye a falo. Wato mu ba baƙin wannan ilimi ba ne, sai dai ba mu ɗauke shi ilimi ba, kuma abin da ya fi damuna, ba mu ɗauki namu tsirran a matsayin abin ado ba, sai an kawo daga wani wuri.

Kariya ce babban misalina. A bayan ɗakin kakata akwai wata tsohuwar kariya, gindinta ya kumbura kamar tulu, rassanta gajeru masu kauri, da rani in ta zubar da ganye tas sai ta ɓarke da fure ruwan hoda mai farin maƙogwaro, lokacin da komai na gari ya bushe ya yi ƙura. Ba wanda ke ba ta ruwa, akuya ba ta cin ta, mu dai an hana mu wasa da ita saboda ruwan jikinta dafi ne, har a kibiya ake sa shi a da. Ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Sai ga ta a allo a aji, Adenium obesum, malam yana cewa a ƙasashen waje wardin hamada suke ce mata, a Tailan da Taiwan akwai masu gonaki guda na renonta, sun fitar da launuka iri-iri har da mai kunnuwa ninki-ninki, suna yi mata aure suna sayarwa duniya, alhali ita a dajinmu take fitowa da kanta, daga Senegal har Sudan har ƙasar Larabawa. Na zauna a kujera ina jin wani iri, haushi-haushi daɗi-daɗi. Baba ya ce su a garinsu da ita ake buga karin maganar nan ta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, saboda sunan ya yi kama kuma ba kasafai ake ganin 'ya'yanta ba, amma ya ce tana yi, sai mai lura. Ya kai ni gindin wata ya nuna mini, kwafsa biyu manne da juna kamar ƙahon sa, ya ce in sun bushe tsagewa suke iska ta kwashe irin don kowane ƙwaya yana da gashi a kai da gindi, shi ya sa yake ɗaure kwafsar da zare tun tana ɗanya. Kuma wadda aka shuka daga iri ita ke yin ƙaton gindin nan mai kyau, ta reshe ba ta cika yi ba, in ma reshen za ka kafa sai ka bar shi a inuwa kwana biyu uku bakin yankan ya bushe tukuna, in ba haka ba ruɓewa zai yi.

Darasin da ya fi tayar mini da hankali kuwa lissafi ne. Malam ya ce mu ɗauka wani ya shimfiɗa ciyawar kafet a fili mita 10 tsawo mita 10 faɗi, murabba'in mita 100 ke nan, kuma a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a ba kowane murabba'in mita lita 5 kacal a rana, nawa ke nan? Lita 500. Jarka mai lita 25 guda 20, kullum, ya fi kurar ɗan garuwa guda, don ciyawar da ba a ci ba a zama a kanta. A unguwar da mata da yara ke layi a bohol tun asuba. Ni ba na cewa kar kowa ya yi ciyawa, mai rijiya da hali ya yi abinsa, amma a gaya wa mutum gaskiya kafin ya saya, kuma a nuna masa akwai kiri-kiri, ita ma ciyawar fili ce ta gaske da ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo, tana jure rana da tattaki, in ta bushe da rani ruwan farko za ta farfaɗo. Ko a rage faɗin ciyawar, a zuba tsakuwa, a sa kariya da alobera da boganbiliya, wadda ita in ka cika mata ruwa da taki ma ganye kawai za ta yi ta yi, sai ta ɗan ji ƙishi take ba da launi.

Mun je ziyara Jos a zango na biyu, nan na ga wardi da idona yadda ya kamata ya kasance, kai ya cika ya yi nauyi, da wasu furannin da ban taɓa gani ba sai a hoto. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, sanyinta daban, shi ya sa. Irin wannan dalili ne ya sa Kenya ke noman wardi a gefen tafkin Naivasha ana lodawa a jirgi zuwa kasuwar furanni ta Aalsmeer a Holan, Habasha ma haka, kuɗin shiga na gaske suke samu da abin da Kawu ya raina. Amma abin da na ɗauko daga tafiyar ba wai mu ma mu yi irin nasu ba ne. Na ga ana loda dashe a mota daga wuri mai sanyi a kai garuruwanmu masu zafi, a jera a bakin titi yana sheƙi, mutum ya tsaya da mota ya saya da tsada, mai sayarwa bai ce masa komai ba, bazara na zuwa ya ƙone, sai mutumin ya ce shi ba shi da hannun shuka, ya haƙura har abada. Wannan yana ba ni takaici, don ba hannunsa ba ne, an ba shi abin da ba na wurinsa ba. Ba duka masu sayarwa ke haka ba, akwai masu tsoron Allah da za su tambaye ka gidanka da rana ko inuwa, ruwanka na famfo ne ko na saye, kana da awaki ko babu, irin waɗannan su ya kamata a riƙa nema.

Sauran abubuwan da muka yi ba zan tsaya kansu sosai ba, takin zamani NPK 15-15-15 da yuriya da yadda ake sa ɗan kaɗan nesa da gindi, aski da almakashi, gara da fara da ɗan farin ƙwaron nan mai kamar auduga da ke manne wa a bayan ganye, da ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da muke fesawa. Abu ɗaya dai da nake yawan amfani da shi, karanta ganye. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, yawanci yunwar naitirojin ce. In kuma sababbin na sama ne suka yi rawaya amma jijiyoyinsu na nan kore, to sinadarin ƙarfe ne shukar ta kasa ɗauka, iksora, fulawar nan mai ƙananan furanni a dunƙule, ta fi kowa yin haka domin ƙasa mai ɗan tsami take so, mu kuma muna zuba mata toka da ruwan wanki muna cewa taki ne.

Zanen fili shi ne ƙarshe, kowa ya auno wani gida da tef ya zana a takarda mai gida-gida, ya nuna gabas da yamma, inda ruwa yake, inda sokawe yake, inda wayar wuta ta bi. Ni gidanmu na zana. A nan na gane me ya sa ɗakin Inna ya fi kowane zafi da daddare, bangonsa yamma yake kallo kuma ba ko kara a gabansa, rana tun azahar take dukansa har magariba. Na kuma gane doguwar bishiyar nan siririya da ake ce wa maskwared, da kowa ke jerawa a gaban gida yanzu, kyau ne da ita amma inuwarta ko tabarma ɗaya ba za ta rufe ba, ceɗiya kuma inuwa har ta yi yawa amma in ka matso da ita kusa da gini saiwarta sai ta tsaga bango ta shiga sokawe. Akwai kuma masu dafi irin oliyanda da bai kamata a sa inda yara ke wasa ko dabbobi ke kai baki ba, ina ganinta a makarantun yara ƙanana raina yana ɓaci. Malam ya kan ce mana kafin ka tambayi me ya fi kyau, tambayi wa ke zaune a gidan.

Da na gama na dawo, ban sami aikin ofis ba, har yanzu ma ina nema, amma na kafa rumfar zana a bayan gida na fara tara ledar fiya wata ina hudawa ina cikawa. Lalle, boganbiliya, hibiskus, moda, alobera, ɗan kuroton na masu inuwa, da dashen darbejiya da mangwaro mai aure don su suka fi fita. Ba wani kuɗi mai yawa ba ne amma ina sayen kati da sabulu ban roƙi kowa ba, kuma wani masallaci a unguwarmu sun ba ni aikin shinge da bishiyoyin inuwa a harabarsu, liman har ya kawo hadisin nan na cewa duk Musulmin da ya dasa itace mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. A yammacin ɗakin Inna na sa darbejiya biyu da ɗan nisa daga bango, na kewaye su da ƙaya saboda awaki, sun kai kafaɗata yanzu.

Kawu kuwa, watannin baya ya aiko yaro wai in zo. Na same shi a sabon gidan da ya gina wa ɗansa, ya sayo wasu fulawowi a birni an jera a gaban baranda duk sun yi yaushi. Ya ce "Kai malamin fulawa, zo ka duba mana waɗannan." Na ce "To Kawu," na tsuguna na ɗaga tukunya ɗaya, nauyi kamar dutse, na juya gindinta babu huda ko ɗaya. Na nemi ƙusa da guduma muka huda su duka, ruwa mai wari ya yi ta tsiyaya, biyu sun riga sun tafi, sauran na matsar da su inda rana ba ta dukansu da yamma na ce kar a ƙara musu ruwa sai an tura yatsa. Yana tsaye yana kallo har na gama, sannan ya ce ita waccan ta bayan ɗakin tsohuwa mai jan furen nan da ba a ba ta ruwa, ana samun 'ya'yanta? Na ce ana samu Kawu. Dama tun da rani na ɗaure kwafsa biyu da zare a jikinta, da suka tsage na samu iri mai yawa na shuka a yashi cikin tsohon faranti, cikin sati suka fara ɓullowa, yanzu guda ashirin da bakwai ne a leda, kowace gindinta ya fara kumbura kamar ƙaramar albasa. Na ware masa huɗu, ranar Juma'a bayan masallaci zan kai masa in dasa da kaina, don in na ba yaran gidan za su cika musu ruwa.